Inci Biyu na Ruwa

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Nuwamba, shekarar 2023, da ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma, Alhaji Lawal Malumfashi ya durƙusa a ƙarƙashin matakalar gidansa da ke unguwar Abbey Wood a London, ya ɗaga murfin katako, ya haska tocila. Ruwa ne kwance, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi.

Gidan irin ginin zamanin da ne. Ba a daɓe ƙasansa da siminti ba. Katako aka shimfiɗa bisa ginshiƙan bulo, aka bar kogo tsakaninsa da ƙasa domin iska ta riƙa ratsawa. Tsayin kogon ƙafa biyu da rabi ne, ba ya shiguwa sai da jan ciki. Kwana tara aka jera ana ruwan sama, unguwar kuwa asalinta fadama ce, don haka ruwa ya ɓullo ta ƙasa ya kwanta a wurin. Alhaji ya zura sandar awo, ya zaro, ya duba. Inci goma sha ɗaya. Ya rubuta a ɗan littafin aljihunsa.

Wannan bai tayar masa da hankali ba. Shekarunsa sittin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a aikin ruwa ya yi su, da fari a gida, daga baya a nan London, har ya ajiye aiki. Mahaifinsa ma mai haƙar rijiya ne, mutumin da bai taɓa sauka cikin rijiya ba sai ya tsaya a bakinta ya yi sallama sau uku, kuma bai taɓa zubar da ruwan yasar rijiya ba sai a wuri mai tsarki. Alhaji ya san wannan sarai. Sai dai shi ya yi makaranta a zamanin da ake bulala kan kuskuren inci guda, kuma ya daɗe da yanke cewa abin da ba ya aunuwa ba ya cikin aikin injiniya.

Ya jawo injin zuƙar ruwa, ya ɗaura masa igiya da tiyo, ya saukar da shi cikin kogon. Magudanar waje ta cika ta batse, ba ta karɓar ko ɗigo. Sai ya ja tiyon ta zaure, ya shiga da shi banɗakin ƙasa, ya zura bakinsa cikin masai.

Matarsa, Hajiya Hansai, ta leƙo daga kicin.

"Alhaji, magariba ta kawo kai. Ka bari sai da safe mana. Ko sallama ba ka yi wa wurin ba."

"Hajiya, wannan ba rijiyar Malumfashi ba ce. Ruwan ƙasa ne ya taso, da dalilinsa da lissafinsa. Wa zan yi wa sallama, bulo?"

"To ko ba a masai ba."

"Ruwa dai ruwa ne, duk hanya ɗaya zai bi."

Ya danna makunni. Injin ya ɗauka da gurnani, tiyon ya kumbura, ruwan ya shiga kwarara. Ya yi alwala ya tayar da salla a falo, kamar yadda ya saba shekara ashirin da biyu a wannan gida, yana ɗaga murya da karatu. A raka'a ta biyu ya ji an ƙwanƙwasa katakon da ke ƙarƙashin dardumarsa. Sau uku, a hankali, irin na baƙo mai kunya. Bayan ya sallame ya ce bututu ne iska ta shiga.

Cikin sa'a uku injin ya yi abin da zai iya. Irin wannan inji ba ya kwashe ruwa ƙarƙaf. Idan ya rage kaɗan sai ya koma zuƙar iska. Alhaji ya sake awo. Saura inci biyu. A wurin cin abinci ya bayyana shirinsa dalla-dalla: jibi za a kawo masa na'urar tsotse ruwa, ya riga ya sa a ajiye masa ita, in ta gama ya barbaɗa farar ƙasa ya feshe wurin da magani, kome ke ciki ya mutu.

'Yarsu ɗaya tilo, Ummukulthum, mai shekara ashirin da uku, tana aiki a kantin magani. A London aka haife ta. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Ta yi dariya ta ce Baba ya sami abin yi, kowa zai huta.

Washegari da safe Hajiya ta tarar da tsakuwoyi bakwai a zaure, jiƙaƙƙu, an jera su daga bakin murfin kogon zuwa ƙofar ɗakin Alhaji. Ta nuna masa. Ya ɗauka ya juya, ya ce takalmi ne ya kwaso su, ya watsa su waje.

Da magaribar wannan rana Ummukulthum ta dawo daga aiki. Ta rufe ƙofa, ta rataye rigar sanyi, ta yi taku huɗu. Daidai bakin matakala sai ta durƙushe, kamar an dafa kanta an danna. Ta yunƙura za ta miƙe, kanta ya bugi wani abu da ba a gani. Har ƙarar suka ji, irin ta goshi a jikin katako.

"Baba," ta ce da Turanci, "akwai rufi a kaina."

Babu kome a kanta. Alhaji ya wuce da hannunsa ta wurin, iska ce kawai. Ya kama ta ta hammata zai ɗaga, nan take numfashinta ya sarƙe, maƙogwaronta ya shiga ƙara kamar na wanda ya nutse. Ya sake ta, ta kwanta, numfashin ya dawo. Masu motar asibiti suka zo, suka auna jini, suka auna bugun zuciya, ba su ga kome ba. Sau biyu suna ƙoƙarin ɗora ta a gadonsu, sau biyu tana shiɗewa. Da hankalinta ta roƙe su su ƙyale ta, suka sa ta sa hannu a takarda, suka ce a kira su in abin ya canza.

Tana iya jan ciki zuwa falo, tana iya juyawa, amma ba ta iya zama. Ta gwada fita, a bakin ƙofar gida ta ci karo da bangon da ba a gani. Tufafinta kullum a jiƙe, ko an canza mata, jikinta sanyi ƙalau, tana warin laka. Alhaji ya rasa abin yi, sai ya ɗauko sandar awo ya tsayar kusa da ita, ya ce ta ɗaga kai iyakar iyawarta. Ƙafa biyu da rabi. Ya daɗe yana kallon sandar. Wannan karon bai rubuta ba.

Duk da haka bai sauko ba. Ranar Alhamis aka kawo na'urar. Ya ce ruwan nan ne ke fitar da wata gurɓatacciyar iska da ke taɓa ƙwaƙwalwa, in an kwashe shi yarinya za ta tashi. Ya zura bakin na'urar, ya kunna. Ummukulthum ta banƙare, bakinta ya buɗe, iska na fita daga ƙirjinta ba ta komawa, leɓunanta suka fara yin baƙi. Hajiya ta yi tsalle ta fizge wayar na'urar daga bango.

"Wallahi ka sake taɓa abin nan sai dai ka taka ni! Kai da iliminka, ka kashe min 'ya?"

Shekara talatin da aure, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya zauna a kan matakala. Ita ta ɗauki waya.

Wanda ta kira Malam Nashiru ne, mutumin zangon Kumasi, direban bas a hanyar Thamesmead, wanda ya yi karatu mai zurfi kafin ya zo ƙasar nan. Alhaji ya san shi a masallaci, kuma ya daɗe yana yi wa Hausarsa dariya a ɓoye, don ba ta raba mace da namiji. Ya iso gab da magariba da rigar aikinsa, babu rawani, babu jaka, sai carbi. Bai fara da gaida masu gida ba. Ya cire takalmi, ya tsaya a bakin kogon, ya yi sallama sau uku.

A ta uku aka amsa. Daga bakin Ummukulthum amsar ta fito, amma muryar tsohuwa ce, a nutse.

Malam ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. "Alhaji, yarinya nan kwana nawa ya yi a ƙasa?"

"Yau na biyu."

Malam ya yi karatu mai tsawo, ba tsawa, ba duka. Hasken taga ya dushe, gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a ƙarƙashin katako. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, wane ne kai, kuma mene ne yarinya ya yi maka?"

"Yarinya ba ta yi mini kome ba. Ni na yi renonta da kunne tun tana rarrafe a kaina. Da Liman nake da magana."

Alhaji ya kasa kunne. Hausa ce tsantsa, ginanniya, irin wadda 'yarsa ba ta taɓa yi ba. Kuma ya gane ta. Tasa ce, har da yadda yake jan ƙarshen magana.

"Wane Liman?" in ji Malam.

"Mai gidan nan. Ina wurin nan tun ba a kafa bulo ko ɗaya ba, tun ciyawa ce da ruwa. Masu gida huɗu suka wuce a kaina ban san Ubangijina ba. Da wannan ya zo, sai na ji karatu ta tsakanin katako. A bakinsa na koyi magana, a bakinsa na koyi salla. Shekara ashirin da biyu ina bin sa, asuba da magariba da lisha, bai taɓa yin ta shi kaɗai ba."

Hajiya ta toshe baki da mayafi.

"Dangina a ruwa suke. Ba sa iya zuwa gare ni sai ruwan ƙasa ya taso, kuma rabon da ya taso haka tun kafin zuwan Liman. Bana suka zo. Na ce musu ku zo ku ji mutumin da nake ba ku labari. Na jera su a bayansa a sallar magariba. Muna tsaye injinsa ya ɗebe su, ya zuba su a masai."

Muryar ta ci gaba.

"Na ƙwanƙwasa, ya ce bututu ne. Na aika da tsakuwa, ya ce takalmi ne. Waɗanda suka rage ƙanana ne da tsofaffi, suna maƙale cikin inci biyun da ya rubuta. Na ji da kunnena zai tsotse su ya zuba musu magani. To, 'yarsa tana inda nawa suke. Abin da ya same su ya same ta."

"Waɗanda suka tafi sun mutu?" Malam ya tambaya.

"Ba su mutu ba. Amma ba za su sake waiwayar addinin da aka yi musu wannan a cikinsa ba."

Alhaji ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Magudanar waje ce ta cika."

"Alhaji, yi shiru," in ji Malam, ko kallonsa bai yi ba. "Baiwar Allah, kai ka ce kana salla. To ka sani laifin uba ba ya hawa kan ɗa. Riƙon da ka yi ma yarinya zalunci ne, kuma in ya mutu a hannunka za ka amsa. Ni zan iya karanta abin da zai ƙone ka, ka san haka. Ba na so. Faɗi abin da za a yi."

Muryar tsohuwar ta amsa.

"Ya kwashe su da hannunsa. Ba inji. Da moɗa mai tsarki, a bokiti mai tsarki, ya kai su rafin bayan layin dogo da ƙafarsa. Kowane bokiti da sallama a ɗiba, da sallama a zuba. Shi kaɗai. Gobe, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta."

"Tsoho ne, gwiwarsa ba shi da kyau. Kwana bakwai."

"Na san gwiwarsa, ina jin ta a sujada. Ƙananan ba za su kai bakwai ba, ruwan ya fara ɓaci. Biyu."

"Uku. Kuma Hajiya ya karɓi bokiti a bakin rami, don mutum ba ya fita da shi da jan ciki. Kuma ka sassauta ma yarinya sanyi tun yau."

"Uku. Idan rana ta uku ta faɗi da sauran ruwa, ba ni da sauran alkawari."

Malam ya juyo. "Alhaji, ka ji. Ka yarda?"

"Na yarda."

Da asubar Juma'a ya yi lissafi: tsawo ƙafa ashirin, faɗi goma sha uku, zurfi inci biyu. Hajiya ta wanke sababbin bokitai biyu masu cin lita goma-goma. Rana na fitowa ya tsaya a bakin kogon. Da ƙyar ya yi sallamar farko. Ya zura ƙafafu, ya kwanta rubda-ciki a cikin laka.

Bai taɓa sanin gidansa ta ƙasa ba. Katako na gogar ƙeyarsa, ƙusoshi na kama rigarsa, sanyin ruwan ya ratsa har ƙashi. Ba ya iya ɗaga kai, ba ya iya juyawa sai ya ja da baya. Yana jin numfashin 'yarsa ta tsakanin katako, daidai saman kansa. Moɗa ashirin ke cika bokiti. Ya tura wa Hajiya, ya cika na biyu, ya jawo jiki ya fito, ya ɗauka, taku ɗari huɗu da goma zuwa rafi. Ya durƙusa, ya yi sallama, ya tuntsurar a hankali. Ya dawo, ya ja layi a littafi, ya sake shiga.

Mutanen layin suka fara leƙe ta taga. Maƙwabciyarsu Juliana ta biyo shi da keken cefane, ta ce Baba ya ɗora a kai, ko kuwa ya bari ta kira hukumar unguwa. Ya gode mata, ya wuce. Mutumin da ba ya fita sai da guga a riga, ga shi yana ratsa titi da laka har gira, yana gaida bokiti.

Ranar farko ya yi sawu ashirin da uku. Ranar Asabar gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, ya yi goma sha tara. Ruwan da ke kusa da murfi ya ƙare, saura na lungu, inda sai ya yi jan ciki ƙafa ashirin yana tura bokiti a gabansa. Ummukulthum ta daina rawar sanyi, amma rufin na nan. Duk fitowar da zai yi sai sun haɗa ido, shi daga rami, ita daga ƙasa.

"Baba, ka huta," ta ce, da Hausa, da muryarta.

"Saura kaɗan, Ummu."

Ranar Lahadi ya daina jin yatsunsa. Da azahar moɗa ta daina kamawa, ya koma tsane ruwan da sabon tawul yana matsewa. Sau ɗaya a can ƙuryar, tocilar ta mutu, ya rasa inda murfin yake, ya kwanta cikin duhu, har Hajiya ta kira shi ya bi muryarta. Ƙarfe huɗu saura kwata ya matse tawul na ƙarshe. Ya shafa ƙasa lungu-lungu da tafin hannu, laka ce kawai. Bokiti ɗaya ya cika, ɗayan babu kome. Ya fito, ya ɗauki mai ruwan, ya nufi ƙofa.

"Liman."

Muryar tsohuwar ce. Ya tsaya.

"Ka sauke ɗayan a bakin kogo, ka yi sallama."

Ya yi yadda ta ce. Bokitin ya ɗan motsa, ƙarfen hannunsa ya yi ƙara, sannan ya tsaya. Alhaji ya leƙa, babu kome a ciki. Sai ya fahimta.

"Baiwar Allah, ba sai kin tafi ba. Wurinki ne tun kafin ni. Ba zan ƙara saukar da inji ba."

"Na sani. Na kuma yafe maka. Amma duk sanda ka yi kabbara, ƙarar injin nan zan riƙa ji. Ɗauke ni, rana na tafiya."

Ya sunkuya ya kama. Sai da ya yi nishi kafin ya raba shi da ƙasa. Ya fita a karkace, kafaɗar da ke ɗauke da bokitin da babu kome ta rinjaya ƙasa, yana jan ƙafa, yana hutawa duk taku ashirin, jan rana na ƙara sauka bayan layin dogo. A bakin rafi ya zuba mai ruwan tukuna. Sannan ya shiga da ƙafafunsa har idon sawu, ya kwantar da ɗayan a cikin ruwa, ya yi sallama. Ruwan ya buɗe kaɗan, ya rufe. Bokitin ya taso yana lilo, ba nauyi.

Da ya shawo kwanar layinsu, ya hango ƙofar gidansa a buɗe. Ummukulthum na tsaye a waje, a kan titi, ba takalmi, ta ɗaga hannuwa biyu sama iyakar tsawonsu, uwarta na riƙe da ƙugunta tana kuka.

Bai iya sauri ba. Da ya iso ya dafa kanta, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Sannan ya shiga, ya mayar da murfin katakon, ya zauna a kan matakala. Yatsunsa ba su iya riƙe alƙalami ba sai da ya haɗa da ɗaya hannun. Ya rubuta:

Lahadi, goma sha tara ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da minti shida. Sawu sittin da biyu. Bokiti ɗari da ashirin da huɗu. Ɗari da ashirin da uku da ruwa, ɗaya babu.